Rana, Ruwa da Gara: Kare Katakon Waje da Shafi Marar Launi



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawan sana'a da ke sahun gaba, waɗanda wasunku sun riƙe zarto tun ba a haifi yawancinmu ba, Allah Ya ƙara girma. Malamai abokan aiki, 'yan'uwana kafintoci da masu fenti, da ku ƙannena masu koyon aiki da kuka cika bayan zaure, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama suka kuma ba ni dama in yi magana.

An ce in yi bayani a kan katakon da ke kwana a waje: ƙofar gida, benci, shinge, dandamalin katako da ake shimfiɗawa a gaban gida ko wurin shaƙatawa, da allunan da ake jerawa a jikin bango don ado. Musamman kuma a kan shafi marar launi, wato wanda idan an shafa shi ana ci gaba da ganin zanen iccen da kalarsa ta asali. Kun san yadda abin yake yanzu. Mai gida zai zo da hoto a waya, na wani gida a Turai ko Amurka, ya ce, "Malam, irin wannan nake so, kada ka sa fenti, ina son a riƙa ganin katakon." Kai kuma ka karɓi aiki, ka goge, ka shafa banis, ƙofa ta fito tana walƙiya. Damina ɗaya, hunturu ɗaya, sai ga waya: ƙofa tana saɓa, ta yi dabbare-dabbare. Laifin wa ke nan?

Abin da na zo in faɗa shi ne: shafi marar launi yana tare ruwa na ɗan lokaci, amma kusan ba ya tare rana. Duk wanda ya zaɓe shi ya ɗaukar wa kansa aikin da zai riƙa maimaitawa, kuma haƙƙi ne a kanmu mu gaya masa haka kafin mu karɓi kuɗinsa. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: abin da rana ke yi wa katako.

Jikin icce zaruruwa ne ƙanana da aka jera a tsaye, akwai kuma wani sinadari da ke manne su da juna, masana na kiransa liginin. Shi ne kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin busasshen katako, shi ke ba shi tauri. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ultra-bayolet, wanda ke farfasa liginin ɗin da ke saman katako. Da ya farfashe, ruwan sama ya zo ya wanke shi, sai a bar zaruruwa a sake, ba abin da ke riƙe da su. Wannan ne toka-tokar da kuke gani a tsohon benci. Ku shafa hannu a kai, za ku ji kamar gashi-gashi. Funfuna kuma ta sami wurin zama ta ƙara masa duhu.

Ɓarnar ba ta da zurfi. Akwai cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka a garin Madison na jihar Wiskonsin, tun 1910 take aiki, kuma ƙiyasinta shi ne rana da ruwan sama kan cinye kimanin milimita 6 na saman katako a cikin shekara ɗari. Wato rana kaɗai ba za ta kayar maka da shinge ba. Kyansa take ɗaukewa. To amma ku lura da inda matsalar take. Idan ka shafa banis garai-garai, haske na ratsa shi ya isa ga katako, ya farfasa saman da banis ɗin ke manne a kai. Daga ƙasa ake cin sa. Ko da banis ɗin da kansa lafiya lau yake, abin da ya dogara a kai ya zama gari, dole ya ɗago. Shi ya sa ƙarin kuɗi a gwangwani ba ya raba ka da wannan matsala gaba ɗaya. Masu tsada suna ɗauke da sinadarin da ke shanye wani ɓangare na hasken, suna kuma jinkirta ɓarnar, amma sinadarin shi ma yana ƙarewa.

Abin da ke tare rana da gaske launi ne. Mutanen da suka daɗe suna gina gidajen katako sun gane wannan tun da daɗewa. A ƙasar Nowe akwai majami'ar katako a Borgund da aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 12, tana nan tsaye har yau, kuma baƙa ce wuluk saboda kwaltar icce da ake shafa mata lokaci bayan lokaci. A Suwidin jan fenti suke shafa wa gidajen karkara, wanda ake haɗawa da jan garin da ke fitowa daga mahaƙar tagulla ta Falun. Mutanen Japan kuwa babbake saman allon suke yi kafin su kafa shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dogara da shafi garai-garai.

Na biyu: ruwa.

Katako ko an sare shi shekara ashirin bai daina shan danshi daga iska yana fitarwa ba. Idan ya sha ya kumbura, idan ya fitar ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Yanzu ku dubi ƙasarmu. A watan Agusta iska jiƙe take, danshinta na iya kai kashi 80 cikin ɗari, katakon da ya zauna a irin wannan iska zai riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. A tsakiyar hunturu danshin iska na faɗuwa zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka, ruwan jikin katako ya koma kashi 4 ko 5. A wasu itatuwan, allo mai faɗin santimita 20 na iya motsawa milimita 4 ko 5 tsakanin waɗannan lokuta biyu. Wa a cikinmu bai taɓa ganin ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, da rani kuma a hango waje ta tsagarta ba?

Ga wani abin da ke ƙara mana wahala. Mafi yawan katakon da muke saye, a Na'ibawa ne ko a wata kasuwar 'yan katako, daga dazuzzukan kudu ake lodo shi, sau da yawa ɗanye sharaf. Mai aiki na gaggawa, kafinta na son kuɗi, sai a yanka a haɗa a shafe a mako ɗaya. An kulle ruwa a ciki ke nan. Rana ta buga, ruwan ya nemi hanyar fita, ya tura banis ya yi ƙuraje. A jera alluna a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, a ba su lokaci. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramar na'urar auna danshi, kada ya shafa komai sai ta nuna ƙasa da kashi 15.

Ruɓewa kuma ta ruwa ce. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako ba sa iya aiki idan ruwan jikinsa bai wuce kashi 20 ba. Saboda haka duk inda kuka ga katako ya ruɓe, ku nemi inda ruwa ke kwanciya. Yawanci za ku same shi a bakin yanka, inda zarto ya ratsa zaruruwa, domin nan ne kafofinsu ke buɗe, yana zuƙar ruwa ninki da yawa fiye da fuskar allo. Gindin ƙofa, kan turken shinge, ƙarshen allon dandamali. Wuraren da ido ba ya kai wa, su ne kuma buroshinmu ya fi tsallakewa.

Na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: shafi marar launi iri biyu ne, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai mai yin fata a saman katako, akwai mai nutsewa ciki. Banis da foliyuretan da silar da muke fesa wa gado da sif duk masu yin fata ne. Man linsid, man tung, da haɗe-haɗen man da ake sayarwa don dandamali da shinge, su ne masu nutsewa. Ku ɗauki misalin hannunku da hunturu. Idan ka shafa man kaɗe, fata ta shanye, kana lanƙwasa yatsu ba abin da ke tsagewa, sai dai gobe ka sake shafawa. Idan kuwa leda ka ɗaure a hannun, ba ruwan da zai taɓa ka sai ranar da ta huje, daga nan kuma ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Haka mai yin fata yake. Katako na motsi a ƙarƙashinsa, rana na busar da shi yana ƙara tauri, wata rana ya yi 'yar tsaga da ido ba ya gani. Ruwa ya bi ta nan ya bazu a ƙasa, wurin ya yi fari, sannan baƙi, sannan ya ɓare. Gyaransa kuwa? Ba a shafa sabo a kan mai ɓarewa. Sai an kankare duka an koma kan tsuran katako, aikin da ya fi na farko wuya. Silar kayan ɗaki, ina roƙonku, kada ta fita waje ko kusa. Don ɗaki aka yi ta, ba ta jure ruwa ba ta jure rana. A dandamalin da ake takawa kuma kada a sa kowane irin mai yin fata, domin takalmi da yashi za su huda shi cikin 'yan watanni, ruwa kuma a kwance yake a kansa.

Shin banis ba shi da wuri a waje ke nan? Yana da shi. Akwai irin wanda aka fara yi don jiragen ruwa, mai yawan mai a haɗinsa, saboda haka yana da taushi yana bin motsin katako. Ƙofar da ke ƙarƙashin baranda, wadda rana ba ta dukanta kai tsaye, za ta yi kyau da shi ta kuma daɗe. Amma shafi biyu ba ya isa. Ana so a kai biyar ko shida, na farko a sirka shi da tina ya shiga jiki, a goga samfefa mai laushi tsakanin kowane shafi, sannan duk shekara a ƙara ɗaya tun bai tsage ba. Nawa ne cikin masu ba mu aiki za su biya kuɗin wannan?

Mai nutsewa ba ya walƙiya, ba ya kuma daɗewa. A fili tsakar rana, shekara ɗaya ce, in an yi sa'a biyu. Amma idan ya ƙare, dusashewa yake yi, ba ya ɓarewa. A wanke, a bari ya bushe, a sake shafawa, yaron shago ma zai iya. Ga yadda ake gane lokaci ya yi: ɗiga ruwa a kan allon. Idan ya tsaya dunƙule-dunƙule, da saura. Idan ya shige ya bar tabo mai duhu, a ɗauko gwangwani. Sai dai a kula da tsuran man linsid, ɗanyensa na daɗewa bai bushe ba, funfuna kuma na son sa, sai katako ya yi baƙi. A nemi haɗin da aka sa wa maganin funfuna.

Ni dai a ganina, mafita mafi kyau ga yawancin aikinmu ita ce mai nutsewa wanda aka ɗiga wa launi kaɗan, ruwan zuma ko ƙasa-ƙasa. Ana yin launin da garin tsatsar ƙarfe mai laushin gaske, wanda ke tare hasken nan mai ɓarna amma ba ya rufe zanen icce. Mai gida zai ga katakonsa, shafin kuma zai fi garai-garai daɗewa nesa ba kusa ba. Gwargwadon duhun launi, gwargwadon kariya. Fenti sosai shi ya fi duka daɗewa, sai dai shi ya rufe abin da mai gida ke son gani.

Na huɗu: gara. Wannan gajere ne. Banis ba maganin gara ba ne. Ta ƙasa take zuwa, ta shiga ta gindi ko ta baya, ta cinye ciki ta bar maka fatar banis tana ƙyalli. Magani daban ake sa mata, irin su Solignum da kuka sani, a kan tsuran katako kafin kowane shafi, kuma a nemi marar launi idan ana son ganin icce. Na san da yawa muna amfani da baƙin mai na mota saboda araha. Ku sani yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa ga fata, yana gurɓata ƙasa, kuma duk katakon da ya sha shi ba zai ƙara karɓar banis ba. Kada ya kusanci bencin da mutane ke zama ko wurin wasan yara. Haka kuma guntayen katakon da aka yi wa magani, musamman mai kore-koren nan, ba na girki ba ne. Irinsa na da akwai sinadarin arsenik a ciki, shi ya sa Amurka ta daina amfani da shi a aikin gidaje daga ƙarshen 2003. Kada a bai wa mai ƙosai.

Na biyar: rabin kariya tun wajen zaɓen icce da yanka ake yin ta.

Iroko da tik suna jure waje. Maɗaci ma ba laifi. Obece da afara na cikin ɗaki ne, duk abin da ka shafa musu ba za su zama iroko ba. Ko a irokon ma, farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ba shi da ƙwari, gara da ruɓa daga nan suke farawa, a cire shi daga aikin waje. Iyayenmu da ke nan sun fi ni sanin dalilin da ya sa magina suka riƙe azarar giginya, masu sassaƙa kuma suka riƙe ƙirya. Madobiya kam an yi mata sara har ta kai an sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Icce mai kyau na ƙara wuya, wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu sa wanda ke hannunmu ya daɗe.

Sai ƙira. Turke kada ya shiga ƙasa kai tsaye, a ɗora shi a kan kankare da takalmin ƙarfe. A yanke kansa a karkace ruwa ya zurare. Tsakanin allunan dandamali a bar tazarar kamar milimita 5, ƙarƙashinsa kuma iska ta riƙa wucewa. Ƙusa ta zama marar tsatsa, in ba haka ba za ku ga baƙin zane na gangarowa daga kowace ƙusa, domin ƙarfe da ruwan jikin wasu itatuwa ba sa shiri. Ku kuma dubi inda aikin ke fuskanta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, magina na gargajiya sun san bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Yamma kuma ita ke shan zafin la'asar. Ƙofar da ke kallon ɗayan biyun nan tana bukatar rumfa a kanta, kuma ƙaramar rumfar kwano za ta yi mata abin da gwangwani goma ba za su yi ba.

Na shida: ranar shafi.

A goge da samfefa lamba 80, a bi da 120, a tsaya nan. Idan aka yi santsi da yawa mai ba ya samun shiga. A kakkaɓe ƙura sarai. Iroko da tik suna da maiƙo a jikinsu, a share su da tsumma mai tina kafin a fara, kuma mai gugar iroko ya rufe hanci, ƙurarsa na sa tari da ƙaiƙayi. A shafa duk fuskoki shida na allo, har baya da bakin yanka, tun kafin a kafa. Bakin yanka a ba shi har sai ya ƙi sha. Idan mai nutsewa ne, bayan minti 15 zuwa 30 a goge ragowar da bai shige ba, in an bar shi zai yi danƙo ya kama ƙura.

Kada a yi shafi a kan katako mai zafi da tsakar rana, saman zai bushe kafin ya shiga. Kada a yi idan hadari ya haɗu, ana son yini ɗaya ko biyu ba ruwa. Kada kuma a yi ranar da hazo ya sauko. Bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, lokaci ne mai kyau na sabon aiki. Sabuntawa kuma a yi ta kafin ruwan farko, da sassafe.

Ƙannena na baya, wannan taku ce, ku saurara da kyau. Tsumman da aka goge man linsid ko man tung da shi yana iya kama wuta da kansa, ba ashana ba tartsatsi. Man na ɗaukar zafi yayin da yake bushewa, idan an dunƙule tsumman an jefa a kwana, zafin ya taru har ya tashi. Ku tuna a cikin me muke aiki: garin katako, tina, busassun alluna. Ku shanya tsumman a buɗe a waje, ko ku nutsa shi a bokitin ruwa kafin ku rufe shago.

Na bakwai: magana da mai aiki.

Na san tsoron da ke zukatanmu. Idan na ce masa shafin nan shekara ɗaya zai yi, zai tafi wurin wanda zai ce masa shekara goma. Wataƙila ya tafi. Amma idan ƙofar ta saɓe, sunan wa zai kira a majalisa? Ku ajiye guntayen allo uku a shago, ɗaya da banis garai-garai, ɗaya da mai marar launi, ɗaya da mai mai ɗan launi. Ku kafa su a rana su shekara, ku rufe rabin kowanne da guntun kwano don a ga bambanci. Duk wanda ya zo da hoto a waya, ku nuna masa, ya zaɓa da idonsa. Ku gaya masa cewa gidan da ke hoton ma ana sabunta masa shafi, kuma ranar can ba ta kai tamu zafi ba. Sannan ku sa kuɗin dawowa sabuntawa a cikin ciniki tun farko, ku rubuta watan da za ku dawo a bayan rasit. Wanda kuma ya ce ba zai iya wannan hidima ba, ku ba shi shawarar fenti, ko ya bar iroko ya yi tokarsa, domin tokar ba ta rage masa ƙarfi.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini takarda, lokaci ya yi.  Akwai allunan gwaji a teburin nan, duk mai so ya zo ya taɓa bayan an tashi. Yanzu kuma fili naku ne: mai tambaya ya ɗaga hannu, dattawa kuma idan akwai gyara ko ƙari daga abin da kuka gani a aiki, muna saurare.